Kwanci a Kan Baragurbi

Duk mai kiwon kajin Hausa ya san alamar. Kazar da kullum take tsakar gida tana tono sai a neme ta a rasa. In an leƙa akurki ko gindin rumbu, ga ta can ta baje a kan ƙwai. Ka miƙa hannu ta kumbura gashi, ta kai maka sara. Kwanci ya kama ta ke nan. Daga ranar ta daina yin ƙwai, ba ta fita sai sau ɗaya ko biyu a yini, ta ɗan tsinci tsaba, ta sha ruwa, ta koma da gudu. Har gashin ƙirjinta take figewa don ɗumin fatarta ya riƙa taɓa ƙwan.

Ba shawara ta yanke ba. Wani sinadari ne da ake kira furolaktin yake ƙaruwa a jininta, irin wanda ke kawo ruwan nono ga mai jego. Shi ya sa kaza ba ta tantance abin da take kwanci a kai. Ko babu zakara a gidan, ƙwan ba mai ƙyanƙyasuwa ba ne, za ta rungume shi. Ko an kwashe ƙwan an bar mata sheƙa wayam, za ta zauna. Ƙwan kirki kwana 21 yake buƙata, amma wadda ke kan baragurbi tana iya wuce haka da makonni, tana ramewa, ƙwarƙwata na cin ta, ba tsako ba ƙwai.

Abin da ya rage ga mai ita hanya biyu ce. Ta farko, a ba ta abin da ya cancanci wahalarta. Mutanen karkara sun daɗe da gano wannan dabara. Zabuwa tana zuba ƙwai da damina amma ba ta da haƙurin reno, don haka ake ɗebo ƙwanta a sa wa kaza mai kwanci, ta ƙyanƙyashe su cikin kwana 26 zuwa 28, ta raine su kamar nata. Mai son haɗa ƙwan zabi da na kaza a sheƙa ɗaya sai ya fara sa na zabin da mako guda, don su fashe tare. Ƙwai 10 zuwa 12 sun ishi matsakaiciyar kaza. In sun fi ƙarfin fukafukanta, na gefe za su huce su lalace. A yi wa kowane ƙwai alama da gawayi, saboda wasu kajin kan saci jiki su ƙara mata sabo. Bayan kwana 7 zuwa 10, a haska ƙwan da tocila cikin duhu: mai rai za a ga jijiyoyin jini a ciki, wanda yake garau kuwa a cire shi tun bai ruɓe ya fashe a kan 'yan'uwansa ba.

Hanya ta biyu, a raba ta da kwancin. Wasu kan tsoma ta a ruwan sanyi ko su ɗaure mata ƙafa a rana, amma wannan azaba ce, kuma da hunturu tana iya jawo mata ciwo. Abin da ya fi shi ne a kwashe ƙwan, a toshe sheƙar, a sa ta a kejin waya da aka ɗaga daga ƙasa, inda iska za ta riƙa ratsa cikinta, ga haske, ga abinci da ruwa. Galibi cikin 'yan kwanaki zafin kwancin ya sauka, bayan ɗan lokaci ta koma yin ƙwai. Da wuri ake yi. In aka bari ya yi nisa, ya fi wuyar saki.

Kada kuma a ɗauki kwanci a matsayin aibi. Kajin gidan gona masu ƙwai kusan 300 a shekara an tace musu wannan hali, shi ya sa sai da injin ƙyanƙyasa ake samun 'ya'yansu. Kazar Hausa ƙwanta kaɗan ne, amma ita ce injin talaka, ba ta neman lantarki ko kananzir.

To, a cikin mutane ma akwai masu irin wannan himma. Wani ya shekara biyar yana zuba kuɗi a sana'ar da ta riga ta mutu. Wata ta ƙare ƙuruciyarta tana jiran alkawarin da mai shi ya manta. Haƙurinsu na gaske ne, wahalarsu ma haka, sai dai ba su taɓa tsayawa sun haska abin da suke riƙe da shi ba. Mu kuma na kusa da su sai mu rabu biyu: masu cewa "a dai ƙara haƙuri", da masu zagi da gori. Dukanmu ba mu taimaka ba.

Haƙuri ba ya sa rai a inda babu shi. Wanda Allah Ya ɗora wa kula da mai naci, ɗa ne, ƙani ne ko almajiri, bai kamata ya kashe masa nacin ba, don ba kowa ke da shi ba. Ya duba masa abin da yake wahala a kai. In akwai rai, ya tsare masa shi har ya kai. In babu, ya gaya masa gaskiya da wuri cikin lalama, sannan ya nemo masa abin da zai amfana da wannan nacin.