Wanda Ruwa Ya Cinye Wa Gida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ku 'yan'uwa, mutumin Wudil ba sai an ba shi labarin ambaliya ba. Kogin da ke bi ta ƙarƙashin gadarmu, ruwan Tiga da na Challawa ne suka haɗu a cikinsa kafin ya nufi Haɗeja. Shi ke ba mu kifi da yashi da noman rani, shi ne kuma ke shigo mana gida tsakar dare in damina ta yi nauyi. Manya ba su manta da ɓarnar Agustan 2001 ba, a 2022 kuwa sama da mutum miliyan ɗaya ruwa ya raba da gidajensu a faɗin ƙasar nan. Magidanci ya kwanta da rumbunsa da awakinsa, gari ya waye masa a harabar firamare, ga iyali, babu ko sisi a aljihu.

Kai da wannan jarrabawa ta samu, ka yi haƙuri. Kada ka saurari masu cewa fushin Allah ne ya sauka a kanka. Wa ya ba su wannan sani? Kuma kada kunya ta ƙarasa abin da ruwa ya bari. Na san akwai dattijon da ya gwammace ya kwana da yunwa da ya buɗe baki ya ce ba shi da shi. To, Baba, addini ya yi maka rangwame. A hadisin Ƙabisa da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah ya halatta roƙo ga mutum uku, cikinsu har da wanda annoba ta share wa dukiya, har sai ya sami abin da zai tsaya da ƙafarsa. Ka je wurin mai unguwa a rubuta sunanka da yawan iyalinka, domin da wannan rubutun hukumar agajin gaggawa ke rabo. Ka kai kukanka Hukumar Zakka da Hubusi. Haƙƙinka ne kake nema.

Sai dai rangwamen yana da iyaka. Abdurrahman ɗan Aufu ya isa Madina hannu rabbana, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai Abdurrahman ya sa masa albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Mu ga kasuwarmu nan kowace Juma'a, ga Kara, ga lodin yashi a bakin kogi, ga yankan shinkafa in kaka ta yi. Dako ba ya zubar da mutuncin kowa. Ka guji bashin ruwa, kada kuma ka sayar da gonarka a makon firgici. Iyaye mata, ku tafasa ruwan sha, domin amai da gudawa na bin sawun ambaliya.

Ku kuma da Allah Ya tsare wa gidajenku, maganata da ku ta fi nauyi. Zumunta a ƙafa take, kada ku jira sai an ƙwanƙwasa muku ƙofa. Mutanen Madina ba su jira Muhajirai sun roƙe su ba, kuma Allah Ya yabe su a Suratul Hashri saboda sun fifita baƙinsu a kan kawunansu alhali su ma suna cikin buƙata. Ash'arawa kuwa, in abinci ya ƙaranta, sai su tara abin da ya rage a mayafi guda su raba daidai, har Annabi ya danganta kansa da su. Wane gida ne a garin nan ba shi da zaure? Ɗakuna nawa ne ke kulle da kwaɗo, alhali matan aure da 'yan mata na kwana a aji ɗaya, ba labule, ba makewayi? Alhaji mai gidan haya, ka ji tsoron Allah, kada ka ninka kuɗi don ka ga an matsu. Mai zuwa da kuɗi a hannu don ya sayi gonar maƙwabcinsa a rabin daraja, ya sani akwai ranar tsayuwa. Wanda aka damƙa wa rabon tabarmi da buhunan hatsi, amana aka ba shi, kada ya fara da 'yan jam'iyyarsa. In kuma kun bayar, ku mayar da waya aljihu. Ba a ɗaukar hoton dattijo yana karɓar kwanon masara.

Kaka na tafe. Wanda gonarsa ta tsira kuma amfaninta ya kai nisabi, zakkarsa ɗaya cikin goma ce in ruwan sama ya shayar da ita, ɗaya cikin ashirin in da inji ya yi ban ruwa. Ku fitar da ita tun a masussuka, ku kai da kanku, ku fara da mutanen unguwar da ruwa ya ci.