Mai Barin Ƙwayar Barci Ya Bi Ta Sannu

  

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, an sha yin wa'azi a kan ƙwaya a masallatanmu na Birni da Zango da Garin Malam, kuma alhamdu lillahi wasu sun ji. To amma akwai haɗarin da ke biyo bayan jin wa'azi. Mutum zai fita masallaci zuciyarsa ta karaya, ya isa gida ya zuba ƙwayoyinsa a masai, ya rantse shi da su har abada. Niyyarsa kyakkyawa ce, Allah Ya ba shi ladarta. Sai dai in ƙwayar barci ce da ya daɗe yana sha, wannan gaggawa tana iya kada shi da farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai.

Muna nufin diyazefam, watau Valium, da 'yan'uwansa irin su Lexomil da Temesta. Kamfanin Roche ya fito da Valium a 1963, kuma magani ne na gaskiya: da shi ake tsayar da jijjigar yaro a asibiti. Tun 1988 hukumar kula da magunguna ta Ingila ta yi gargaɗi kada a wuce mako 2 zuwa 4 ana shan irin waɗannan don damuwa ko rashin barci. A nan kuwa ana sayensu a kan tire ba tare da takardar likita ba. Masu sha ba samarin fada kaɗai ba ne. Akwai uwa da ta rasa ɗa barci ya ƙaurace mata, akwai dattijo da aka rubuta wa na kwana goma ya zarce shekara uku.

Ga yadda abin yake. Allah Ya halitta wa ƙwaƙwalwa wani sinadari mai kwantar da ita, kamar linzami ga doki. Ƙwayar tana ƙara wa linzamin ƙarfi. In an daɗe, sai ƙwaƙwalwa ta saba, ta rage nata riƙon. Ranar da aka janye ƙwayar gaba ɗaya, dokin ya kubce: rashin barci, faɗuwar gaba, karkarwar hannu, zufa, ƙarar kunne, ƙin haske da hayaniya, tsoro ba dalili. Shi diyazefam yana jimawa a jiki, saboda haka alamun kan jinkirta kwanaki, mutum ya zaci ya tsira sa'an nan su faɗo masa.

Mu tuna yadda Allah Ya haramta giya a Madina. Ayar Suratul Baƙara ta fara auna zunubinta da amfaninta, ayar Suratun Nisa'i ta nisanta mai maye daga salla, sa'an nan ayar Suratul Ma'ida ta yanke hukunci. Hukuncin giya ya riga ya cika, kada wani ya nemi kafa a nan. Abin lura shi ne Mahalicci, Wanda Ya san abin da sabo ke yi wa ɗan Adam, Ya bi da bayinSa mataki mataki. Kuma malamanmu sun lissafa tsare rai da tsare hankali cikin manyan manufofin shari'a. Wanda ke rage ƙwaya a ƙarƙashin kulawar likita da niyyar rabuwa da ita mara lafiya ne da ke jinya. Rabin ƙwayar da ya haɗiya yau ba ta warware tubarsa ba.

Ya je gidan likita na unguwarsu ko Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, ya faɗi gaskiyar adadin da yake sha da tsawon lokacin, ko da a kasuwa yake saye. Kunya a nan cuta ce. Wata likita a Newcastle ta Ingila, Heather Ashton, ta yi shekara 12, daga 1982 zuwa 1994, tana kula da masu barin waɗannan ƙwayoyi, kuma hanyar da ta bi, wadda likitoci da yawa ke bi, ita ce rage ɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma, a jira mako ɗaya ko biyu kafin a sake ragewa. Tafiyar takan ci watanni. In mataki ya yi tsanani, a tsaya a kansa har jiki ya daidaita, kada a koma sama sai da izinin likita.

Dare shi ne mafi wuya. Ya kwanta lokaci guda kullum, ya tashi da asuba ko da barcin bai ƙoshi ba. Ya bar shayin fada da goro da Nescafé daga la'asar, domin suna hura wutar da yake kashewa. Ya taka da ƙafa in rana ta yi sanyi. In gaba ta faɗi cikin dare, ya zauna ya ja numfashi a hankali yana zikiri, ya tuna wa kansa cewa wannan kaɗawa ce mai zuwa ta wuce. In tsayuwa ta gagara, ya yi salla a zaune. Kada ya toshe gurbin da giya ko tramol. Tramol da kansa yana jawo farfaɗiya. Kada kuma ya mai da daren farko na Ramadan ranar yankewa: ya tsara lokutan sha da likita tun cikin Sha'aban, ga kuma rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya.

Ku kuma iyali, ku ji tsoron Allah game da shi. In kun ga yana karkarwa ko firgita, kada ku yi saurin cewa iskoki ne, balle a ɗaure shi ko a doke shi da sunan ruƙiyya. Ku yi masa addu'a, ku kuma riƙe masa ƙwayar, wani amintacce ya riƙa ba shi adadin ranar yana rubutawa a takarda. In ya faɗi yana jijjiga, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku sa masa kome a baki. Wannan, da ruɗewa, da ganin abin da babu shi, da zancen kashe kai, duk na asibiti ne a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.