Maganaɗisun Baba Mai Bodi

An yi wani tsohon direba a Zariya da ya rasu ya bar wa 'ya'yansa maza biyu motoci biyu ƙirar Peugeot 504, wato Fijo, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kakuri ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975. Da aka raba gado kowa ya ɗauki ɗaya, kuma duka biyun lafiyarsu ƙalau.

Wan mutum ne mai son a gani a yaba. Kullum sai ya wanke jikin motar ya goge har mutum ya ga fuskarsa a ƙofa. Da damina ta faɗi, ya kan lulluɓe ta da ƙatuwar leda a gindin darbejiya, a kan tsurar ƙasa, ya ɗaure tam. In fenti ya ɗan kumbura a wani wuri, sai ya kira wani yaro ya shafe da bodi fila, a fesa sabon fenti a kai.

Shi kuwa ƙanen, motarsa ba ta wani ƙyalli. Amma da hunturu ya wuce, sai ya sa waya ya zaƙulo ƙurar da ta toshe 'yan ramukan da ke ƙasan ƙofofi, inda ruwa ke tsiyayewa. In ya dawo daga ƙauye, sai ya kwanta ya wanke taɓon da ya maƙale a bayan tayoyi da ƙarƙashin mota. In ruwa ya shiga ciki, ya fitar da kafet ya shanya. Ya sauya robar gilashi da ta tsattsage, ya yi wa motar rumfa mai daɓen siminti wadda iska ke ratsawa. Wan ya kan tsaya a kansa yana dariya: "Kai dai ka iya wahala. Wa zai leƙa ƙarƙashin mota?" Shi kuwa sai ya ce, "Yaya, ai ruwa yana leƙawa."

Shekaru suka shuɗe, Fijo ta yi ƙaranci a titi, masu son tsofaffin motoci suka shiga nemanta da kuɗi mai tsoka. Ran nan wani alhaji ya zo daga Kano tare da wani tsoho mai gyaran bodi, domin ya duba masa. Idon alhaji na faɗawa kan motar wan, ya ce ita yake so. Tsohon ya ce, "Alhaji, a ɗan yi mini haƙuri."

Ya ciro ɗan maganaɗisu a aljihu, ya naɗe shi a ƙyalle, ya ɗora a rufin motar, ya kama. Ya sauko da shi gindin ƙofa, sai ya faɗi ƙasa. Ya gwada a saman taya, ya sake faɗuwa. Ya ɗaga kafet ta wajen direba, sai ga ƙasa ana hangowa ta cikin rami. Ya buɗe but ya ɗaga sifiya, ga ruwa kwance, ja wur.

Wan ya ce, "Baba, wallahi motar nan ba ta taɓa kwana a ruwa ba!"

Tsohon ya ce, "Ɗana, a ruwa take kwana kullum. Tsatsa abu uku take bukata: ƙarfe da iska da danshi. Ledar nan taka tana tare raɓar da ke tasowa daga ƙasa, ta hana ta fita. Taɓo kuma yana riƙe ruwa kwana da kwanaki. Da a Legas kake, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri, da tuni an kai ta wajen 'yan gwangwan. Fila ba ya kashe tsatsa. Sai an kankare har ƙarfe ya fito fari, a shafa jan fenti, sannan a yi na sama. Inda ya ruɓe kuwa, sai a yanke a yi walda."

Aka koma kan motar ƙanen. Duk inda aka ɗora maganaɗisu sai ya kama. Alhaji ya taya da daraja, ƙanen ya ce albarka, motar mahaifinsa ba ta sayarwa ba ce. Daga nan ya juya ga wansa ya ce, "Yaya, gobe mu kai taka garejin Baba, a ceci abin da ya saura."

Haka sha'anin yake a mota, haka yake a gida da sana'a da zumunci. Ɓarna daga inda ido ba ya kaiwa take farawa, kuma rufe aibi ba gyara ba ne, ba shi lokaci ne ya yi ƙarfi. Duk wanda aka bar wa amana, ya riƙa duba ƙarƙashinta tun kafin mai maganaɗisu ya iso.