Sanin Hannu da Sanin Kwaikwayo a Ɗakin Gwajin Sadarwa

Duk wanda ya ɗaura niyyar koyon haɗa kwamfutoci su riƙa musayar bayanai, musamman mai shirin jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco wadda aka sabunta tsarinta a Fabrairun 2020, yakan bukaci ɗakin gwaji a gida, wato wurin da zai haɗa ya kwance, ya ɓata ya gyara, ba tare da ya katse wa kowa aiki ba. Na'urori biyu ne ginshiƙan wannan ɗaki: suwic, wadda take haɗa kwamfutocin da ke zaune a cibiya guda, da rauta, wadda take zaɓa wa saƙo hanyar da zai bi daga wata cibiya zuwa wata. Tambayar da ke fara tasowa ita ce ko ɗalibi ya sayi na'urorin da kansu, ko kuwa ya wadatu da manhajar da ke kwaikwayonsu a cikin kwamfuta. Akan ɗauke ta tambayar kuɗi kurum, alhali a ƙarƙashinta akwai tsohuwar mas'ala: shin sanin abu ta hanyar kwatankwacinsa ya isa a kira shi sani?

Ibn Haldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya bayyana sana'a a matsayin malaka, ma'ana ƙwarewar da ke kafuwa a jikin mutum ta yawan maimaita aiki har ta zame masa ɗabi'a, kuma ya fifita koyo ta taɓawa da gani a kan koyo ta labari. Kafin shi, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bambanta tsakanin mutumin da ya san ma'anar lafiya da mutumin da yake da lafiyar a jikinsa. Mai gaggawa zai ɗauka cewa malaman nan biyu sun yanke hukunci a bar manhaja a sayi ƙarfe. Sai dai hukuncin bai tabbata ba har sai an tantance inda ainihin aikin rauta yake zaune.

Kwaikwayon dai iri biyu ne, kuma ratar da ke tsakaninsu babba ce. Packet Tracer, wadda Cisco ke bayarwa kyauta ga ɗalibai, zane ne na halayen na'ura: wasu mutane ne suka tsara yadda za ta amsa umarni, don haka umarnin da ba su tanada ba ba za ta gane shi ba, kuma ɗalibi ba zai gamu da wani abu da ya wuce tunanin masu tsarawa ba. GNS3 da EVE-NG kuwa suna ɗaukar ainihin manhajar da ke cikin rautar, su tafiyar da ita a kan ƙirƙirarren jiki a cikin kwamfuta. Idan ɗalibi ya kafa OSPF a nan, wato ƙa'idar da rautoci ke bi su sanar da juna hanyoyin da suka sani sannan kowace ta lissafa mafi kusa, to lissafin da ke gudana shi ne wanda zai gudana a cikin akwatin ƙarfe, ba ragi ba ƙari. Wanda ya maimaita wannan aiki har ya zauna masa ya sami malakar da Ibn Haldun yake nufi, domin abin da ya taɓa shi ne aikin da kansa. Saboda haka kaso mafi girma na kuɗin ɗalibi ya fi cancanta ya tafi ga kwamfuta mai wadatacciyar ƙwaƙwalwa, gigabait 16 ko 32, wadda za ta ɗauki rautoci da yawa a lokaci guda.

Amma akwai ɓangaren ilimin da ba ya shiga allo ko kaɗan. Kebul ɗin sadarwa yana da siraran wayoyi takwas masu launi, waɗanda dole a jera su bisa tsari kafin a matse musu kai, kuma idan guda ta kuskure wurinta, ko tsawon ya zarce mita 100, haɗin zai iya mutuwa ko ya riƙa yankewa, alhali duk saitin da aka rubuta daidai yake. Akwai shuɗin kebul ɗin da ake shiga na'ura da shi a karon farko, wanda idan ba a daidaita saurinsa a 9600 ba sai allo ya cika da haruffa marasa ma'ana. Akwai kuma ƙaramar fitilar da ke saman kowace ƙofar suwic, wadda takan tsaya ruwan lemo na kusan daƙiƙa 30 kafin ta koma kore, lokacin da ƙa'idar hana kewaye da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985 take tabbatar da cewa saƙo ba zai riƙa zagaye ba iyaka ba. Ɗalibin da ya kashe wannan ƙa'ida da gangan, ya ga fitilun duka suna ƙiftawa tare yayin da cibiyar ta cushe, ya san wani abu da bayani ba ya bayarwa. Darajar ƙarfe tana cikin cewa yana lalacewa ta hanyoyin da babu wanda ya tsara, kuma a nan ne ɗalibi ke koyon tuhumar abin da ya ɗauka tabbas ne.

Wannan ɓangare, duk da muhimmancinsa, ba ya bukatar kaya masu yawa. Suwic biyu ko uku na hannu irin Catalyst 2960, da guda mai iya aikin rauta irin 3560, da rauta ɗaya ko biyu irin 1941, sun ishi mai koyo; wanda bai ɗaure kansa ga Cisco ba kuma yana iya farawa da ƙananan na'urorin MikroTik na ƙasar Latbiya, waɗanda ba su da ƙara kuma ba sa cin wuta sosai. Abin da ya haura haka yakan kusanci israfi, wanda ma'aunin gane shi shi ne kashe dukiya fiye da bukata, ko da a kan abin halal ne. Tsofaffin na'urorin kamfanoni suna da arha a kasuwar gwanjo, amma fankokinsu ba sa shiru, kuma ga mai zama inda wuta ba ta tsayawa, wanda ke dogaro da janareto ko sola cikin zafi da ƙura, kuɗin raya su yakan zarce kuɗin sayensu. Haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne tarin kaya ya sa mai shi jin ya ƙware, ya ɓata watanni yana neman wata na'ura alhali waɗanda ke gabansa bai kunna su ba.

Hanyar manhaja ma tana da nata nauyin amana, domin manhajar da ke cikin rautocin Cisco mallakar kamfanin ce, kuma kwafin da ke yawo a intanet galibi ba da izini aka watsa su ba. Mai kiyaye haƙƙin wasu yana da mafita: Cisco Modeling Labs tana bayar da manhajar da lasisi, akwai kuma manhajojin rauta da masu su suka sake wa kowa, irin su FRRouting, waɗanda ke tafiyar da OSPF bisa ƙa'idar da kowane kamfani ke bi.