Fasali kan Ƙazafi da Danginsa, da Asalin Sunayensu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka sani magabata ba su raɗa ma abu suna a banza. Wanda ya bi asalin sunayen laifukan harshe, zai iske gargaɗi cikin sunan kansa.

Giba Larabci ce, 'yar'uwar gaibu, domin ana yin ta bayan idon mutum: a ambace shi da abin da yake ƙi, ko da gaskiya ne. In ƙarya ce ta koma buhtani, wanda asalinsa ɗimauta mutum har ya rasa ta cewa. Annamimanci aikin annamimi ne, mai ɗaukar magana daga nan ya kai can. Tuhuma kuwa tushenta ɗaya da wahami, wato zato. Ka riƙe wannan: tuhuma zato ce, ba hukunci ba.

Hausa ma tana da nata. Ƙage daga ƙagawa yake, ƙirƙiro abin da bai faru ba. Yarfe daga yarfawa, kamar mai laka a hannu ya yarfa ma farar riga. Amma babbansu shi ne ƙazafi, kuma ma'anarsa ta farko ga Larabawa ita ce jifa. Ka duba yadda harsuna biyu sunka haɗu kan abu guda: magana jifa ce, in ta bar hannu ba ta komowa.

An jefi Uwar Muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, a Madina, har kusan wata guda, kafin ayoyin Suratun Nur su wanke ta. An kira wannan ƙarya ifki, wato kife abu, a mai da samansa ƙasa. Surar ta ɗora ma mai jifar kamammiya da zina ya kawo shaidu 4, in ya kasa a yi mishi bulala 80, a bar karɓar shaidarsa. Kuma cikin waɗanda anka yi ma haddi akwai Hassanu ɗan Sabitu da Misɗahu da Hamnatu, muminai ne da sunka ji sunka maimaita. Ashe mai yaɗawa bai kuɓuta da cewa "haka na ji" ba.

Kada ka ɗauka wanga labari na nesa ne, domin mun ga irinsa a ƙofarmu. Ranar 12 ga Mayu 2022, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke ƙasar Wamakko, an tuhumi wata ɗaliba da ɓatanci, taro ya jefe ta ya ƙone. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, an rufe makarantar, aka kuma sa dokar hana fita cikin birnin Sakkwato. A Yunin 2023 an tuhumi wani mahauci da irin haka a mayankar Sakkwato, shi ma jifa ta kashe shi. Jifar harshe ta zama jifar dutse, ba alƙali, ba tantance shaidu, ba jin ta bakin wanda ake zargi.

In ka ce: to, in abin da anka faɗa gaskiya ne fa? Sai in ce maka: wa ya tabbatar? Mafi yawan masu jifa ji sunka yi, ba su gani ba. Hukunci na alƙali ne da shugaba, bayan hujja. Ranar da ihu ya zama hujja, duk mai gaba da kai a kasuwa ya sami makami, kuma ba ka san wanda za a nuna gobe ba.

Don haka, in magana ta iso maka, a majalisa ko cikin waya, tambayi kanka abu uku. Na gani da idona? Zan iya faɗin ta gaban alƙali? Zan iya ɗaukar ta ranar hisabi? In ɗaya ya gagara, to bakinka ya zama kabarinta.

Allah ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinsa, ya tsare hannuwanmu daga jininsu. Amin. Tammat.