Gida Biyu na Jimmy Carter

Idan magidanci ya rasu, akwai yabon da ba a rasa ji a wurin ta'aziyya: mutum ne mai riƙon iyali. Mu da muke karanta sanarwar rasuwa a rediyo mun saba da wannan magana har ta zama kamar wani ɓangare na sunan mamaci. Sai dai kowane magidanci gida biyu gare shi, gidan da aka haife shi da gidan da ya kafa. Ranar da buƙatun gidajen nan suka yi karo, wanne zai bi? In kuma ya zaɓi ɗaya, wa ke ɗaukar nauyin zaɓin? Ina so in duba wannan tambaya ta rayuwar mutumin da duniya ta yi wa shaidar riƙon iyali, tsohon sojan ruwa kuma shugaban Amurka na 39, Jimmy Carter, wanda ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100.

A wajenmu an fi saninsa da yaƙi da kurkunu. Lokacin da cibiyarsa ta shiga aikin a 1986, kimanin mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da cutar a shekara. A 2013 aka tabbatar Nijar da Najeriya sun rabu da ita, Ghana kuma a 2015. Amma abin da ke gabana ya faru tun kafin a san sunansa a wajen garinsu.

An haifi Carter a 1924 a Plains, wani ƙaramin garin manoma gyaɗa a jihar Jojiya. Ya gama makarantar hafsoshin sojan ruwa ta Annapolis a 1946, a watan Yulin shekarar kuma ya auri Rosalynn Smith, 'yar garinsu. Aiki ya yi ta yawo da su daga Bajiniya zuwa Hawai zuwa Konetikat, a kowane zango aka haifa musu ɗa namiji. Shi yana cikin jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin teku, ita tana gida tana riƙe da yara da kuɗin cefane da kanta. Rosalynn ta ji daɗin wannan rayuwa. Ta rasa mahaifi tana shekara 13, ta taso tana taya mahaifiyarta ɗinki da renon ƙanne, saboda haka fita daga Plains a wurinta samun 'yancin kai ne. Shi ma tauraronsa na haskawa, don an ɗauke shi cikin sabon shirin jiragen da ke aiki da makamashin nukiliya ƙarƙashin Admiral Hyman Rickover.

A watan Yulin 1953 ciwon daji ya kashe mahaifinsa. A kwanakin jinya Carter ya ga yadda mutanen gari ke zuwa suna ambaton alherin tsohon, wanda aka yafe wa bashi, wanda aka taimaka wa a ɓoye. Ya auna rayuwarsa da ta mahaifinsa, ya ga tasa ba ta taɓa mutane haka ba. Ga mahaifiya ta zama gwauruwa, ga ƙanensa Billy yana ɗan shekara 16, ga gona da siton gyaɗa babu mai kula. Sai ya ajiye kaki yana laftana, ya ce gida za a koma. Bai nemi shawarar matarsa ba, sanar da ita kawai ya yi. An ce a doguwar tafiyar mota daga jihar Niyok zuwa Jojiya da ƙyar ta yi masa magana, in tana da buƙata sai ta aika babban ɗansu ya gaya wa ubansa. Da suka isa, a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi suka fara zama, shekarar farko kuma fari ya cinye amfanin gona.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga duk wanda ya girma a Maraɗi ko Damagaram ko zangon Kumasi. Mun san babban ɗa da ya bar aiki a birni ya komo don uba ya rasu. Muna sa masa albarka, kuma ya cancanta. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne matar da ta bar sana'arta da ƙawayenta da ɗakin da take iko da shi, ta komo gidan surukai. Shi ake yabo da sadaukarwa, alhali rabin abin da aka sadaukar nata ne.

Akwai masu cewa Carter ya yi daidai, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Da ya tambaye ta, da ta ƙi, da an bar tsohuwa da yaro da dukiyar da za ta lalace. Matarsa tana da miji da albashi, mahaifiyarsa kuwa ba ta da wanda ya fi shi. Suna ƙarawa da cewa ai ƙarshen ya yi kyau: daga Plains ya zama ɗan majalisar jiha, ya zama gwamna a 1971, ya zama shugaban ƙasa a 1977.

Na yarda da kashin farko. Mai yiwuwa komawa gida shi ne abin da ya dace. Kashi na biyu ne ban yarda da shi ba, domin a 1953 babu wanda ya san fadar shugaban ƙasa na jiransu. Da fari ya maimaita shekara uku sun talauce, da wane suna za a kira wannan hukunci? Ba a auna adalcin abin da aka yi wa mutum da sa'ar da ta biyo baya. Sannan neman shawara bai nufin miƙa wuya. Ana iya saurarar mace, a ji tsoronta, a yi mata alkawarin abin da za a kiyaye, a kuma koma gidan. Bambancin shi ne a hanya ta farko an ɗauke ta kamar kayan ɗaki, a ta biyu an lissafa ta cikin masu gida. Da Bahaushe ya ce shawara ɗaukar ɗaki ce, ya san jinka ba ta hawa da hannun mutum ɗaya, ko da shi ne mai ɗakin.

Halin bai bar Carter nan da nan ba. A 1962, da ya yanke shawarar tsayawa takarar majalisar jiha, Rosalynn ta gan shi yana sa kayan fita har ta tambaye shi ko jana'iza za shi. A lokacin ta ji labari. To me ya sa duk da haka nake ganin yabon ya dace da shi? Saboda bai mutu a kan wannan hali ba. A siton gyaɗa ita ta riƙe littafin lissafi har ta fi shi sanin inda riba take, ya fara jin maganarta. A siyasa ta zama abokiyar shawararsa ta farko, har tana zama a taron majalisar ministocinsa. Da ya tsufa kuma ya faɗa a bainar jama'a cewa yana mamakin yadda ya taɓa yanke irin waɗancan hukunce-hukunce bai tambaye ta ba. Samun dattijo mai suna ya faɗi haka game da matarsa ya fi wuya a kan samun wanda ya ciyar ya tufatar.

Aurensu ya kai shekara 77. Bayan mulki sun koma gidan da suka gina a Plains a 1961, ba su sake wani ba. Da Rosalynn ta rasu a Nuwamba 2023 tana da shekara 96, shi yana kwance yana jinyar ƙarshe, amma aka turo shi a keken marasa lafiya ya halarci addu'ar bankwana da ita.

Abin da na ɗauka shi ne riƙon iyali yana da matakai. Ciyarwa mataki ne, tsayawa wa iyaye mataki ne, amma akwai na sama da su, wato mutum ya gane cewa waɗanda yake riƙo su ma suna da ra'ayi a kan rayuwarsu. Da yawa daga cikinmu mun tsaya a na biyu, jama'a na yabonmu a waje, a cikin gida kuwa ana haƙuri da mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka in za a ba namiji shaidar riƙon iyali, kafin a ji ta bakin abokan aiki da maƙwabta, a fara jin ta bakin matar da ta zauna da shi.