Yaro Naƙasasshe Da Wanda Zai Yi Koyi Da Shi

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya halicci bayinSa yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a Kakuri da Makera da Barnawa akwai yara makafi da guragu da kurame waɗanda, in an tambaye su, wannan zai ce malanta yake so, wancan ɗinki, wancan aikin asibiti. Amma babban da suke gani mai irin lalurarsu, galibi a bakin titi yake da ƙoƙon bara. To, gani ya kori ji. Yaron da bai taɓa ganin makaho yana karantarwa ba, da wuya ya yarda cewa shi zai iya.

Alhali kuwa tarihin Musulunci cike yake da abin koyi. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, saboda shi aka saukar da farkon Suratu Abasa. Ya yi ladanci, kuma Manzon Allah ya sha wakilta shi a Madina in zai fita yaƙi. Aɗa'u ɗan Abu Rabah gurgu ne, mai shanyayyen hannu, amma shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa. Shehu Abdul'aziz ɗan Baz ya makance tun yana saurayi, ya zama babban mai fatawar Saudiyya daga 1993 har rasuwarsa a 1999. A Zariya ma, Malam Aliyu Namangi bai bar makanta ta hana shi wa'azi da waƙen Imfiraji ba.

Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Sai dai gurbi ba ya amfanar wanda ba a karantar ba.

Saboda haka wajibi ne uba ya kai ɗansa makaranta, kada ya mai da shi jarin bara, domin amana ce da za a tambaye shi a kanta ranar Ƙiyama. Malamin Islamiyya ya karanta wa almajiransa labarin waɗannan bayin Allah, ya kuma gayyato naƙasasshen da ke riƙe da sana'arsa yara su gan shi da aikinsa. Tela da kafinta su karɓi yaron su koya masa, wannan ita ce sadakar da ba ta yankewa.

Allah Ya ba al'umma ikon sauke wannan nauyi, amin.